Idonki a Kanta

"Idonki a kanta, Lubabatu," in ji mai allurar barci, sannan ya leƙa ɗaki na gaba inda ake kiran sa.

Aikin Lubabatu ke nan a ɗakin tiyata, ta tsaya wajen kan majinyaci ta lura da komai. Yau Inna Asabe ce a gadon, wata tsohuwa daga Nasarawa Burkullu. An yi mata allurar baya mai kashe rabin jiki, likita na aiki a bayan labule, ita kuma ta lumshe ido. Lubabatu ta ɗauka barci ya sace ta, sai ta juya wajen Muktar mai miƙa kayan aiki.

"Wallahi mutanen ƙauye sai a hankali," ta ce ƙasa-ƙasa. "Abu na cin su, su yi gum, sai ya lalace su kawo muna. Baki kamar an ɗinke!"

Muktar ya yi dariya cikin takunkumi. Ta ƙara, har da kwaikwayon muryarsu.

Can ta ji an ja gefen rigarta.

"Ɗiyata," in ji tsohuwar, idonta biyu tar, "ki yi haƙuri na katse ki."

Lubabatu ta duba. Robar ƙarin ruwa ta zare, jini ya jiƙa zanen gado har yana ɗiga ƙasa. Ta danne wurin da sauri.

"Haba Inna! Don mi ba ki yi magana ba?"

"Na yi, ɗiyata. Tun ɗazu nike kiran ki. Kina ba da labarinmu."