Zoben Yarinyar Godogodo

Malam Silvanus ya kwance ƙullin hankici a kan teburin maƙerin zinariya, duwatsu suka watsu kamar alewar yara: shuɗi, kore, ruwan hoda, ruwan goro, da wani ƙato mai launin ruwan kwata.

Ni ban ga laifin duwatsun ba, laifin na mai su ne. Mutum ya ba hamsin baya, kwayamasta, wato shugaban mawaƙan majami'a, furfura har a gira, wai zoben baiko yake so. Kuma ba irin na kanti ba: dutse ɗaya a tsakiya, ƙanana kewaye da shi kamar fure. Ni da na fi shi kyau da murya, ban taɓa wahalar da maƙeri haka ba.

Don wautar ta cika, sai ya taho da Malama Mildred ta taya shi zaɓe.

Duk Kafanchan an san Mildred. Malamar Turanci ce a sakandare, takalmi mai tsini ko da laka, in ka tambaye ta garinsu sai ta ce Kaduna, ta kau da kai. Tun da matar Silvanus ta rasu ita ke riƙe masa littafin waƙa, ita ke aika masa faten acca in mura ta kama shi. Shekaru tana jiran magana ɗaya daga bakinsa. Ranar Lahadi kuwa ya ja ta gefe bayan sujada, ya ce zai yi aure, wata yarinya ce daga Godogodo, yana so mai ido ta zaɓa mata zobe.

Ta yi murmushi, ta ce ba komai. Wanda ya san Mildred, da jin wannan “ba komai” zai nemi wurin ɓuya.

Hussaini maƙeri ya ɗaga shuɗin dutsen ya haska shi a ƙofa. Ya ce wannan shi ne sarkinsu, shi ya dace da tsakiya, a kewaye shi da masu ruwan hoda.

“A'a,” in ji Mildred. “Shuɗi na matan birni ne. Zai ɓace a hannunta.”

Ta sa farce ta turo ƙaton nan mai launin ruwan kwata. Ta jera masa kore da ruwan goro a gefe, ɗaya bayan ɗaya, har abin ya koma kamar miyar da ta kwana. Hussaini ya dubi Silvanus, irin kallon da ake wa wanda zai faɗa rami. Silvanus ya gyaɗa kai kawai.

Wayarta ta yi ƙara. Ta leƙa, ta ga “Baba”, ta kashe. Tsohon kwanan nan ya dame ta da kira, ta san zancen bai wuce na gona.

Da Silvanus ya miƙa hannu zai gyara wani dutse, sai ta ga tafinsa duk kanta, wasu ƙurajen ma sun fashe.

“Kwayamasta, mene ne wannan?”

“Noman surukai, Sista. Gonar cittar babanta. Tsohon ya ce al'ada ce, ko gwamna ne sai ya kama fartanya.”

Ta yi dariya har da riƙe tebur. A wannan zamani, mai digiri ya duƙa a gonar wani don mace! Ta ce lallai gidan nan ba su san an ci gaba ba, kuma yarinyar da ta fito daga cikinsu sai an koya mata riƙe cokali.

Silvanus ya ce gaskiya yarinyar tana da ɗan girman kai, amma yana sonta haka.

“Girman kai? Da me?”

Saura awo. Hussaini ya ɗauko zobban gwaji, ya tambayi kaurin yatsar amarya. Silvanus ya ce bai taɓa riƙe hannunta ba. Mildred ta karɓi zobban, ta wuce ƙananan, ta wuce matsakaitan, ta zaro wanda zai shiga babban yatsan ɗan dambe. Ta ce yatsun Godogodo ta san su, da tonon citta suka girma.

Hussaini ya yi gargaɗi: in ya narka zinariya ya dasa duwatsu, ba canji, ba mayarwa. Mildred ta ce ya hura wutarsa yanzu, a gabanta. Ta ƙara da cewa a sa amarya ta yi alkawarin ba za ta cire shi ba, ko a coci, ko a kasuwa. Silvanus, sakarai, ya ce wannan shawara ta yi, zai gaya wa Fasto ya sa a cikin wa'adi.

Ta fito shagon tana tafe kamar wadda ta ci zaɓe. Ba ta samu mijin ba, amma wata za ta yi sauran rayuwarta da ruwan kwata a hannu. A bayanta wutar Hussaini ta fara huci, zinariya ta soma narkewa.

Wayar ta sake ƙara. Yau tana cikin nishaɗi, sai ta ɗauka. Muryar tsohon ta taho da kukan awaki, daga gidan da ta yi shekara biyu ba ta taka ba, can bayan kasuwar Godogodo.

“Afiniki, ina ta kira, ba ki ɗauka,” ya ce, da sunan da ta binne tun tana makaranta. “Malamin kwayan nan ya gama mana noman citta, dattawa sun karɓi gaisuwansa. Ya ce yau da kanki za ki zaɓi zobenki, ya yi kyau?”