Karan Dawa a Tiyon Birki

Ina 'yar shekara tara, lokacin aikin dam ɗin Bakolori, wata tsohuwar tifa mai jidar dutse ta take yayana Sani a gangaren hanyar Maradun. Direbanta, Dogo, ya zo gaisuwa ya ce birki ne ya ƙwace masa ba zato, ƙaddara ce.

Bayan sadakar arba'in ya kawo motar garejin Baba a Mafara, don babu mai iya gyaran busta, tukunyar iskar da ke ƙara wa birki ƙarfi, sai shi. Na kai wa Baba fura da la'asar, na tarar ya kwance bustar. Robar ciki ta yage, an kuma toshe tiyonta da guntun karan dawa, ya yi baƙi ƙirin.

Baba ya ɗaga karan. "Dogo, wanga kara ba jiya anka sa shi ba. Ka san da shi."

Dogo ya sunkuyar da kai. Na ce, "Baba, mayar mashi da abinai, ya je ya faɗa rami!"

"Ba shi kaɗai za ta kashe ba, ɗiyata."

Ya sa sabuwar roba, ya ɗaure tam, ya jefar da karan. Na tsince shi.

Baba ya yafe kafin ya rasu. Ni ban yafe ba. Karan yana ƙasan akwatina, har yau da warin baƙin mai, yana jiran ranar da Allah zai tsayar da ni da Dogo, ya tambaye shi wa ya cusa shi.