Gado Uku, Ciwo Ɗaya

"Wai wa ke ɗaga musu bandeji bayan an ɗaure?"

Likita Mika ne yake tambayar Sista Margaret a bakin ɗakin masu jego. Hamdiyya tana tafe da fulas ɗin ruwan zafi a hannun hagu, ta ji, ta sunkuyar da kai ta wuce su.

Kwana tara ke nan tana jinyar Basira, ƙanwar mijinta, a wannan ƙaramin asibiti na Zuru. Daga Ribah aka kawo ta, haihuwa ta gagara, aka yi mata aiki aka ciro ɗa namiji. Mata uku ne a ɗakin, dukansu aiki aka yi musu. Ɗinkin Basira ne ya fara ruwa. Bayan kwana biyu na matar gadon tsakiya ya bi, sai kuma na Farida da ke jikin taga. An yi allura, an sauya wata, zazzaɓi ya ƙi sauka.

Da sakamakon gwaji ya dawo, likita ya ce ƙwayar cuta iri ɗaya ce a jikinsu duka, irin wadda ta saba da magani. Ya ce mutum ne zai sayi kafso a kemis, ya sha kwana biyu, ya ji sauƙi ya ajiye, ciwo ya dawo ya sake saye. A haka ƙwayar take koyon maganin har ta daina jin tsoronsa. Abin da ya kasa ganewa shi ne yadda ta tsallaka gado uku.

Idon kowa ya koma kan Inna Altine, uwar Basira. Tun ranar farko ta yi sa-in-sa da Margaret a kan gashin jego.

"Mu da munka haihu tara, wa ya hana muna gashi?" in ji ta. "So kuke jini shi daskare ma ɗiyata a ciki."

Ran nan Margaret ta hana ta shiga sai lokacin ziyara. Tsohuwa ta shimfiɗa tabarma a gindin mangwaro, tana wuni tana mita, duk wanda ya wuce sai ya ji cewa masu farar riga ba su san jego ba.

Hamdiyya aka bari a ciki, don ba ta da hayaniya. Ita ke shara, ita ke ɗebo ruwa, ita ke riƙe jariran duka ukun in iyayen sun gaji. Matan suna sa mata albarka. Margaret tana ce mata amarya, tana tsokanarta cewa lallenta ba ya koɗewa, sai ka ce kullum biki.

Aka gwada hannun ma'aikata ɗaya bayan ɗaya. Aka sake dafa kayan aiki, aka wanke ɗakin har bango. Ba a sami komai ba. Aka tambayi matan, kowacce ta kalli silin ta ce ba ta ga kowa ba. Inna Altine ta rantse ba ita ba ce, ba wanda ya saurare ta.

Shugaban asibitin ya ce wankin ciwo a hannun Margaret yake. In Juma'a ta yi ba a gano mafarin abin ba, za a dakatar da ita. Shekararta goma sha tara tana wannan aiki.

Maganar ta kai kunnen Hamdiyya. Ranar Alhamis da hantsi ta iske Margaret ita kaɗai a bakin famfo tana wanke hannu, tana cuɗa tsakanin yatsu kamar yadda take yi kafin kowane gado.

"Sista, akwai maganar da nake so..."

"Na sani, amarya. Tsohuwa ce ko?" Margaret ta rufe famfo. "Kada ki faɗa. Ni in an sallame ni, gonarmu tana nan. Ke in kin tona asirin surukarki, ina za ki zauna?"

Ta miƙa mata sabon sabulu, ta ce ta ajiye wa Basira. Hamdiyya ta karɓa da bakin hijabi. Ta koma ɗakin masu jego.

Juma'a aka dakatar da Margaret, ta fito da jakarta da fararen takalmanta a leda. Sai da ta bi gadajen ta duba kowace mace kafin ta tafi. Ita kuwa Basira aka ce sai babban asibiti a Birnin Kebbi. Ana sa ta a mota, Lukuman, mijin Hamdiyya, ya juya ga mahaifiyarsa a gaban mutane ya ce ga inda taurin kai ya kai su. Inna Altine ta naɗe tabarmarta, hawaye na bin kumatunta.

Hamdiyya ta ce za ta sayo ruwa. Ta tsallaka titi ta shiga kemis.

"Irin na kullum?" in ji mai kemis.

Ta gyaɗa kai.

A bayan katanga ta ciro tsumma ɗaya daga jaka ta jefa a bola. Da shi take yi wa matan gashi kowace azahar, in Margaret ta tafi ɗakin maza yin allura, daga wannan gado zuwa wancan, suna roƙonta suna godiya. Ta haɗiye kafso ba ruwa, ta ƙudurta cewa ko Lukuman ba zai ji ba, sannan ta mayar da hannun damanta cikin hijabi, hannun da take matse tsumman da shi, mai yatsan da ya yi wata uku yana mugunya.