Mai Giya a Ƙofar Coci

"Ba za ki shiga ba!" Maman Ebuka ta tare ƙofar cocin da hannu biyu.

Yau ake godiyar ɗanta da ya tsira daga hatsarin mota a hanyar Kaduna. Ta ci ado, za ta ba da shaida cewa azuminta ne ya ƙwato shi. Sai ga Asibi mai sayar da giya a Gauraka, ko ɗankwali babu.

"Madam, gayyata ta aka yi."

"Mu da muka bushe da azumi Allah ya ji kukanmu. Ke me kika taɓa yi masa?"

"Au, alherin nasa saya ake yi?" in ji Asibi.

"Fice min da gani!"

Ebuka ya ɗingiso da sandarsa, ya riƙe hannun Asibi.

"Mama, ni na gayyace ta. Ranar hatsarin kina kan dutsen addu'a, wayarki a kashe. Ita ta kwashe ni daga titi, jininta aka ƙara mini. In jinin mai giya ba ya shiga coci, ni ma a waje zan tsaya."