Katifar Audugar Rimi

Tunda ka ce abinka ya ƙi sauri, gyara zama ka ji yadda wani manomi ya yi da audugar rimi.

Mahaifiyarsa ce ciwo ya kwantar, ta shekara a kan tabarma har bayanta ya fara salewa. Ba shi da halin sayen katifa, amma akwai rimi a bayan gidansu, ga bazara ta shigo, 'ya'yan rimin sun fara fashewa, auduga na yawo a iska fara fat, kowane ɗan curi da baƙin irinsa a ciki. Ya ce to, ga katifa Allah ya kawo har gida. Ya ɗauki buhu, ya wuni yana tsalle yana cafka kamar mai kamun fara. Ka kuwa san halin audugar rimi, in ka kai mata hannu da ƙarfi, iskar hannunka ce za ta kore ta. Abin da ya samu bai cika hula ba. Wata tsohuwa da ke tara tata a wurin duk shekara ta yi masa dariya har da riƙe ciki. Ita zana take kafawa a inda iska ke bi, ta yayyafa ruwa a jiki, ta koma inuwa tana cin goronta, da la'asar ta kwashe abin da ya manne. Ta ce masa, "Ɗan nan, ba a bin ta. Ita ke zuwa." Ya bi maganarta, cikin kwana goma ya tara buhu biyu, saura ɗaya katifa ta cika.

To, a nan ne zuciya ta ci shi. Kullum ya ji nishin mahaifiyarsa daga ɗaki, ya fito ya ɗaga kai, sai ya ga sauran 'ya'yan rimin kore shar, sun ƙi fashewa. Ba mugu ba ne, tausayi ne ya hana shi zama. Ran nan da sassafe, kafin tsohuwar ta fito, ya haye rimin da gora ya kaɗe su tas. Ya fasa ɗaya, auduga a jiƙe, a danƙare. Maimakon ya shanya a rana, mutumin naka sai ya jera su a bakin murhu wai su yi saurin bushewa, ya kuma jawo buhunansa biyu kusa, a buɗe, don ya riƙa zubawa. Audugar rimi fa, wadda ko fetur bai fi ta son wuta ba! Tartsatsi ɗaya ne ya tashi. Fuu! Kafin ya ƙarasa salati buhu biyu sun zama toka, wuta ta haye jinka. Da ƙyar maƙwabta suka kashe ta, madafa dai ta tafi da duk abin da ke ciki.

Da hankalinsa ya dawo ya ɗauki zana ya ruga gindin rimi zai sake farawa. Ya tarar da tsohuwar tsaye riƙe da haɓa, tana kallon rassa fayau. Sai ta ce, "Kwana bakwai ne fa suka rage musu su fashe da kansu."

Rimi sau ɗaya yake yi a shekara, shi kuma da hannunsa ya kaɗe na bana. Mahaifiyar ta ci gaba da kwanciya a tabarmarta, damina na tsaka Allah ya yi mata rasuwa. Da bazara ta zagayo, auduga ta riƙa sauka a tsakar gidansa da kanta, har bakin ƙofar ɗakin, ba mai kwanciya a kai.

Ka ji abin da ya sa Hausawa suka ce, sauri ya haifi nawa.