Ranar da Aka Harba Kumbo

Ina 'yar shekara tara ranar da rediyon Baba ya ce an harba kumbo daga jihar Florida ta Amurka, zai kai mutum uku duniyar wata. Bayan azahar ne, muna zaune a zauren gidanmu na Ketaren Gwari. Na tashi ina tsalle.

Baba bai motsa ba. Tun kakar bara wasiƙun Yaya Sale suka daina zuwa daga fagen yaƙin basasa.

Ya rage muryar rediyon, ya ce, "Uwata, an gano hanyar wata, amma an rasa mai gaya mini inda ɗana yake."

Mutanen nan uku sun koma gida lafiya. Yaya bai dawo ba. Yau na wuce shekarun da Baba ya yi a duniya, kuma har yanzu ban samo masa amsa ba.