Garwashi a Tsakiyar Bazara

Warin hayaƙi ya tarbi Alhaji tun daga zaure. Rana ta take tsaka, zafin Sabon Birni na dafa mutum a tsaye. Ya watsar da kayan da ya ɗauko daga Maraɗi, ya yi ɗakin mahaifiyarsa da gudu.

Tun kafin tafiyarsa, shi da kansa ya sa mata na'urar sanyaya ɗaki mai aiki da hasken rana, bayan zafi ya kayar da wata tsohuwa maƙwabciyarta a bakin rijiya, ba ta sake tashi ba. Ya toshe taga, ya ƙure sanyin, ya hana kowa taɓawa. Duk sanda ya kira ta daga hanya yana jin tari a muryarta, ita kuwa sai albarka take sa masa. Hankalinsa bai kwanta ba, amma bai tambaya ba.

Ya banke ƙofa, sanyi da hayaƙi suka buge shi tare. Ya tarar da mahaifiyarsa a sume, ya sungumo ta zuwa inuwar dogonyaro, ya yi ta yi mata fifita har ta buɗe ido, sannan ya ba ta ruwan randa.

"Inna, mi ya kama wuta?"

"Ba komi, Alhaji. Gwiwoyina ne ba su son sanyi."

"To mi ya hana ki gaya mani?"

"Ɗa ya yi wa uwatai gata, ta buɗe baki ta ce ba ta so?"

Ya koma ya leƙa ɗakin. Daidai ƙarƙashin na'urar, kusa da bargonta, kaskon garwashi na ci jawur.